Wata 14 ban ɗaga hannuna na dama ba

Ni mutumin Argungu ne, a nan aka yanke cibiyata, kuma a nan nake koyarwa a wata makarantar firamare. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne. Duk sanda na tuna shi, bayansa nake fara gani: ya tuɓe riga a zaure da hantsi, wanzami ya durƙusa da ƙahonni huɗu, ni kuma an ba ni riƙon ƙoƙon ruwa. Tabon tsaga ya cika masa kafaɗu kamar rubutun allo. In jan taru ya gajiyar da shi, ƙaho ne maganinsa, kashegari ya saɓi homa da gora ya koma gulbi. Da haka na tashi da fahimtar cewa ciwon jiki mataccen jini ne, a zuƙe shi a huta, kuma namiji ba ya kai ƙarar kafaɗarsa asibiti. Wannan fahimta ta ci mini fiye da shekara.

Albashin malamin firamare kowa ya san inda yake tsayawa, don haka ina da 'yar gonar shinkafa a fadama. Ambaliyar watan Satumba na 2020 ba ta bar wa kowa komai ba a yankinmu. Shinkafata ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya shanye ta, ga bashin taki a wuyana. Sai duk muka ɗora buri a kan noman rani. Na ranci kuɗi aka gyara mini rijiyar gona, na sayi tsohon injin ban ruwa na hannu.

Wata safiyar Asabar cikin Janairun 2021, ana tsananin hunturu, injin nan ya ƙi tashi. Na ja igiya ya kai sau goma. Haushi ya kama ni, na take shi da ƙafa na fizga da iya ƙarfina, igiyar ta cije a tsakiya ta mayar da ni. Na ji wani abu ya ce ƙas a cikin kafaɗata ta dama, zafi ya sauko har gwiwar hannu. Na zauna a kan kunya na ɗan lokaci, na ce targaɗe ne. Da hannun hagu na tayar da injin, na gama ban ruwa, na hau babur na dawo gida.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe na je kemis aka yi mini haɗi, ƙwayoyi kala huɗu a ƙulle cikin leda, ban tambayi sunan ko ɗaya ba. Sun yi aiki kuwa, na kwana uku. Da zafin ya dawo na koma. Bayan mako biyu na kira wanzami, ɗan wanda yake yi wa mahaifina, ya kafa mini ƙaho, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito ya ce ga ciwon nan. Na ji sakayau na yini ɗaya. Daga nan kawuna ya kai ni wurin wani maɗori a wani ƙauye. Ban raina sana'arsa ba, na ga mutanen da ya ɗora wa karaya suka miƙe. Amma ni ba karaya gare ni ba. Ya lalubi kafaɗar ya ce gocewa ta yi, ya sa yara biyu suka riƙe ni, ya ja hannun har na ji numfashina ya ɗauke. Ya shafa magani, ya ɗaure hannun a ƙirjina da tsumma, ya ce kada in motsa shi sai bayan kwana arba'in.

Na bi umarni sau da ƙafa. Ranar da aka kwance tsumman, hannun ya ƙi ɗaguwa. Da can zafi ne yake hana ni, yanzu kuwa gaɓar ce ta daskare kamar ƙyauren da ya yi tsatsa.

Wanda bai taɓa rasa kafaɗa ba ba zai gane yawan abin da take yi masa ba. A aji, rabin allo na ƙasa kawai nake iya rubutu, kwanan wata kuwa sai na kira monita ya hau benci ya rubuta. Yara ba su da laifi, amma na taɓa juyowa na kama wani yana kwaikwayon yadda nake karkata jiki in zan kai alli sama, 'yan aji na ƙunshe dariya. Ban dake shi ba, da wane hannun? Kabbarar harama, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Babbar riga na daina sawa. Ko 'yar shara sai maiɗakina ta zura mini hannun dama tukuna, kamar ana shirya yaro zuwa makarantar allo. In mutum ya miƙo hannu mu gaisa ya girgiza da ƙarfi, murmushi nake yi hawaye na taruwa. Dare kuwa shi ne babban tashin hankali. Da na juya kan ɓangaren dama sai in farka firgigit, in fito tsakar gida in zauna a kan turmi har kiran assalatu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai maiɗakina da likita, yau zan faɗe shi. Da haɗin kemis ya daina kama ni, wani ɗan dako da muke hira a tasha ya ce ai su da tiramol suke aiki. Ni da nake tsayawa a taron makaranta ina yi wa yara wa'azi kan shaye-shaye, ni ne na riƙa aiken wani yaro da dare yana sayo mini. Na fara da ɗaya. Kafin damina ta fita, in ban sha ba sai jikina ya hau rawa, hamma, gumi, faɗa da kowa a gida. Ina gaya wa kaina ai magani ne, ba maye nake nema ba. Kuma ban daina haɗin kemis ɗin ba, ina zuba su duka, sau da yawa cikina babu komai.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma tambayata lafiya kai tsaye. Amma ɗakinta yana kallon turmin da nake zama. Wata rana na ji ta daga bayan zana tana ce wa ƙanena, "Wanga yaro ba shi kwana. Ku da kuka yi boko, haka za ku zura mai ido?" Ƙanena ya same ni da maganar asibiti, na ce masa in an girbe shinkafa.

Ba a kai ga haka ba. A watan Disamba na fara ganin bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri. Wata Talata ina tsakiyar darasin lissafi na yanke jiki na faɗi. A asibiti aka ce gyambon ciki ne yake zubar da jini, aka ƙara mini jini leda biyu, ɗaya na ƙanena. Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta sa maiɗakina ta kawo ledar magungunan da nake sha, ta zazzage su a kan gado tana ware su da biro. Ta nuna mini diclofenac da ibuprofen, ta ce, "Malam, waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne. Ɗaya ma in an daɗe ana sha yana cin bangon ciki, yana taɓa ƙoda, kai kuma ka haɗa su wata goma sha ɗaya." Da ta zo kan tiramol ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye ni guda nawa a rana. Na faɗi gaskiya, maiɗakina na tsaye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Likitar ta ce ba a yanke shi lokaci guda, ta tsara mini yadda zan riƙa ragewa, sannan ta ce tunda an rufe mini ƙofar ƙwayoyi, dole a nemi asalin abin da ke damun kafaɗar.

Hoton ƙashi bai nuna komai ba. Sai aka tura ni Sakkwato aka yi mini sikanin, da irin na'urar da ake duba masu juna biyu. Nan aka ga wata jijiya da ke saman gaɓar ta ɗan yage, ba ta tsinke duka ba. An gwada mini suga kuma, don an ce daskarewar kafaɗa ta fi kama masu ciwon suga. Nawa lafiya lau. Aka haɗa ni da sashen gashin ƙashi a Birnin Kebbi.

Likitan gashin ƙashin da na samu mutum ne mai son bayani, har ya so ya fi ni zama malami. Ya ce gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, tana da zurfin da zai riƙe ta. Ta kafaɗa kuwa kamar ƙwarya ce a kan gammo, abin da ke hana ta zamewa tsokoki huɗu ne da jijiyoyinsu da suka lulluɓe ta. Ɗaya daga ciki na yaga ranar injin. Ɗaurin kwana arba'in kuma ya sa jakar da ke kewaye da gaɓar ta takure. Ya auna da wani ma'auni mai kama da na darasin kusurwa, hannuna bai wuce digiri 70 ba ta gefe, alhali lafiyayye yana kaiwa kusan 180. Maganin dai motsa jiki ne. Muka gwada mako biyu, abin ya faskara. Da ya ɗan ɗaga hannun sai tsokar wuyana da ta allon kafaɗa su ɗaure tamau, in riƙe masa hannu ina salati. Ga shi an hana ni maganin zafi mai ƙarfi.

A nan ne ya ce ya yi kwas na allurar Sin, wadda ake kira akufanca, ko zan yarda a gwada. Na ce allurar me za a ɗura mini? Ya ce babu ruwan magani a ciki, tsinin kawai ne. Na yi shiru. A raina na ce na gudo daga ƙaho da maɗori na zo asibiti, ga shi za a mayar da ni wurin wanzaman Sin. Kamar ya ji abin da nake saƙawa, ya ce, "Malam, ba zan yaudare ka ba. Allurar nan ba ta ɗinke jijiyar da ta yage. Abin da nake fata ta rage maka zafi, tsokar ta saki, mu samu hanyar yin aikin da ya kawo ka. In mun yi zama huɗu ba ka ga canji ba, mu bar ta." Tun da na fara yawon neman magani, shi ne mutum na farko da ya gaya mini iyakar abin da maganinsa zai iya. Wannan ya sa na amince.

Kafin ya taɓa ni ya yi tambayoyi: ko ina shan maganin tsinka jini, ko jini na wuyar tsayawa in na yanke, ko an sa mini na'ura a zuciya, ko na karya kumallo. Ya kwantar da ni a kan ɓangaren hagu, ya wanke hannu, ya goge fatar da auduga mai sifirit. Ya ɓare allurar a gabana daga cikin takardarta. Siririya ce ƙwarai, kaurinta wajen rubu'in milimita, in ka taɓa ta lanƙwasa take kamar gashin wutsiyar doki, tana zaune cikin wani ɗan bututun roba. Ya ɗora bututun a kan kafaɗata ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ina jiran zafi irin na allurar zazzaɓi, sai na ji kamar cizon sauro. Da ya ɗan murza ta sai wani nauyi ya bazu cikin tsokar, tsami-tsami, kamar an danna wurin da ya daɗe yana ciwo. Ya ce wannan jin shi ake nema. Da ya kai kan wani kulli a bayan allon kafaɗa, naman ya yi tsalle da kansa har na ce wayyo, shi kuwa ya ce madalla.

Guda tara ya kafa. Abin da ya ba ni mamaki, ɗaya a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuniya, ɗaya kuma a ƙwauri. Na ce, "Likita, kafaɗa na kawo, me ya haɗa ta da ƙwauri?" Ya yi dariya ya ce a ilimin mutanen Sin, wanda ya haura shekara 2,000, akwai hanyoyi a jiki da wani ƙarfi yake bi, suna kiransa "ci", kuma an ƙididdige gurabe 361 a kan hanyoyin nan. Na ce ai mu ma ci ne ke riƙe da mu. Ya ce shi dai a karatunsa na asibiti bayanin da ya fi kwanta masa shi ne tsinin yana taɓa jijiyoyin ji, jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi irin su endofin, tsokar da ta ƙulle kuma ta saki. Ya bar ni minti 20. Fankar ɗakin na juyawa a hankali, ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Da ya zare su ya ƙirga a gabana ya zuba cikin kwalin da ake zubar da allurai.

Ba zan ce na tashi na warke ba. Kafaɗar ma ta yi tsami a daren, wuri ɗaya ya ɗan taru da jini. Zama na biyu ma shiru. Bayan na uku ne na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da maiɗakina ta taɓa ƙafata ta ce, "Malam, an shiga salla." Na zauna a bakin gado ina kallonta. Na fi shekara ban makara ba.

Daga nan aikin gaske ya fara. Sau biyu a mako nake shiga mota zuwa Birnin Kebbi, sai da na sayar da buhu uku na shanshera don kuɗin mota da na zama. Da an zare allurai, tun jikin yana sake, sai ya kama hannun ya yi ta lanƙwasa gaɓar. Wani lokaci yana maƙala wa allurai biyu 'yar waya mai ba da lantarki kaɗan, ka ji kamar kiyashi na tafiya cikin nama. A gida kuma an ba ni aiki sau uku a rana: in sunkuya in saki hannun yana lilo kamar guga a bakin rijiya, in riƙe sanda da hannu biyu mai lafiya yana tura marar lafiya, in rataya igiya a reshen dogonyaro ina ja. Sai hawan bango da yatsu. Ina fuskantar bangon ɗaki, yatsuna na tafiya sama a hankali har inda zan iya jurewa, 'yata ta aji uku ta hau kujera ta ja layi da gawayi. Duk Juma'a ake sabon layi. Wani makon tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ba, ta ce, "Baba, yau ba ka yi ƙoƙari ba."

A watan Maris na 2022, wata 14 cif bayan ranar injin, na shiga aji na rubuta kwanan wata a saman allo da hannuna. Monita ya riga ya ɗauko benci, ya tsaya riƙe da shi.

Na so in ɓata komai da kaina. Ganin sauƙi ya samu, na taya wani maƙwabci ɗora buhu a kan babur, zafin ya dawo na kwana goma. Likitan bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce wannan shi ne haɗarin duk abin da ke rage zafi, ko ƙwaya ko allura, mutum ya ɗauka ya warke alhali jijiyar ba ta gama haɗewa ba. Muka koma baya kaɗan. Azumi ya shigo a farkon Afrilu ina da sauran zama biyu, na tambayi limaminmu, ya ce tunda ba abin da ake ɗurawa a jiki, azumina na nan. Zama 12 na yi gaba ɗaya. Motsa jikin kuwa na ci gaba da shi har bayan babbar salla, sannan aka ƙara mini na jan roba don tsokar ta yi ƙarfi.

Tun daga lokacin mutane ke zuwa tambayata, musamman manoma da 'yan dako da mata masu daka. Wasu so suke in ce allurar Sin ce ta warkar da ni, su tafi nema. Ba na iya faɗin haka kai tsaye. Na karanta a waya cewa masu bincike ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin a gwaje-gwaje da dama da aka kwatanta allurar gaske da ta wasa, bambancin bai yi yawa ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne kafin allurar ban iya jure motsa hannun ba, bayanta na iya, kuma ita ce ta riƙe ni a watannin da nake rabuwa da tiramol. In da allurar kaɗai na yi na koma gida na kwanta, da layin gawayin nan bai motsa ba.

Wani abokin aikina da ya ji labarina ya je wurin wani mai baje koli da ya zo gari da lasifika, yana cewa allurarsa na maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa. Ya ce mini ya ga mutumin yana tsamo allurai daga kwalbar sifirit yana soka wa wannan ya soka wa wancan, sai ya sulale ya fito. Ya yi dabara. Allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau kamar askar wanzamin da ba a canza ba. Kuma likitana ya taɓa nuna mini wani gurbi a saman kafaɗa, tsakanin wuya da gaɓa, ya ce kan huhu yana nan ƙasa kaɗan, wanda bai san jiki ba in ya zurfafa zai iya huda shi. Shi da kansa in zai soka wurin sai ya tattaro naman da yatsu ya karkata allurar. Don haka duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa ya fara zuwa a duba a san mene ne ya lalace, tunda wata yagewar sai tiyata, wani ciwon kafaɗar ma daga wuya yake saukowa, na hagu kuma in ya zo da nauyin ƙirji da gumi yana iya zama zuciya.

Yau hannuna yana kaiwa kusan inda na hagu yake kaiwa. In hunturu ya yi tsanani yana ɗan yi mini tsami da asuba, kuma har yanzu ba na iya sosa tsakiyar bayana da shi. Cikina ne ma ya fi ba ni aiki, yaji da tsami sai dai in gani a kwanon wasu. Injin yana nan, babban ɗana ke tayar da shi, na koya masa ya ja igiyar a hankali har ya ji ta cije kafin ya fizga. Bara da za a yi wa ɗakin sabon yaɓe kafin damina, na dawo daga makaranta na tarar an shafe bangon duka sai wani ɗan tsiri kusa da ƙofa, inda layukan gawayin suke. Na tambayi magini dalili, ya ce Inna ce ta fito ta ce a bar wurin.